Abin da Ke Ƙarƙashin Fatar Zakin Gidan Tarihi

Wanda ya tsaya gaban akwatin gilashi a gidan tarihin halittu yana kallon zaki ya ɗaga ƙafa kamar zai taka, yakan ɗauka gawar zaki ce aka busar aka tsayar. Alhali abin da ya rage na zakin a wurin bai wuce fata da gashinta da farata ba, wani lokaci a haɗa da ƙoƙon kai da ƙasusuwan ƙafa. Sauran duk aikin hannu ne. Idanun gilashi ne, harshen kakin zuma ne ko filasta, hancin fenti aka shafa masa, cikin kuwa yana iya zama katako da waya da ciyawa, ko tsumma da takarda da aka jiƙa da gam. Wannan sana'a ta feɗe dabba a jeme fatar a ɗora ta a kan ƙirar jiki ita ake kira taksidami, kalmar da aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin tsarawa, ɗaya na nufin fata. Jama'a sun saba cewa cusasshiyar dabba, masu sana'ar kuwa ba sa son jin haka, domin a ganinsu cusa aikin mai yin matashin kai ne, su ƙira suke yi.

Daga nan wahalar adana irin wannan kaya ta samo asali, domin abu biyu ne a jiki guda. Ta wani gefen aikin gwani ne, wanda wani mutum ya yi da hannunsa a wani zamani, da iliminsa da kurakuransa. Ta ɗaya gefen kuma yanki ne na wata dabba da ta rayu a wani wuri ta mutu a wata rana, ɗauke da alamun abin da ta ci da iskar da ta shaƙa da gadon da ta samu daga iyayenta. Aikin gwanin yana bukatar a share shi a gyara ya koma kyansa, yankin dabbar kuwa a wurin mai bincike ya fi daraja idan ba a taɓa shi ba. Mafi yawan muhawarar da ake yi a ɗakunan gyara na gidajen tarihi a kan wannan take, wato a ina ya kamata hannun mai gyara ya tsaya.

Kafin tsakiyar ƙarni na 18, ƙwari ne suka hana masu tara fatu sakat. Ana shafa wa fata gishiri da alif da taba da kayan ƙamshi, a turara ta da farar wuta, amma bayan 'yan shekaru sai a buɗe akwati a tarar da gari da ƙasusuwa. Tsuntsun nan dodo na tsibirin Morishas, wanda sunansa ya zo daidai da wata kalmar Hausa ne kawai ba tare da wata dangantaka ba, ya ƙare a duniya a ƙarni na 17, kuma wanda aka ajiye a Oxford ya lalace har ta kai a 1755 kai da ƙafa ɗaya kaɗai aka iya tsirarwa. Wanda ya sauya wannan lamari wani mai haɗa magunguna ne a birnin Metz na Faransa, Jean-Baptiste Bécoeur, da ya kwaɓa gubar arsenik da sabulu da kafur da farar ƙasa ya fitar da wani haɗi da ake shafawa a cikin fata kafin a ɗinke. Ya ɓoye sirrin har ya mutu a 1777, sai a farkon ƙarni na 19 masanan Paris suka bayyana shi a rubuce, daga nan ya bazu ko'ina. Wasu kuma zaiba suka riƙa, kamar Charles Waterton, wanda ya koya wa John Edmonstone, bawa a Guyana da daga baya ya sami 'yanci ya zauna a Edinburgh, inda shi kuma ya koya wa Charles Darwin fiɗar tsuntsaye a 1826. Daga baya aka ƙara magungunan ƙwari irin su DDT da naftalin a kan waɗannan, kuma akwai gidajen tarihin da ba su bar arsenik ba sai wajen shekarun 1970 zuwa 1980. Shi ya sa ƙa'idar masu aikin a yau ita ce duk tsohuwar fata mai guba ce har sai gwaji ya wanke ta.

Yadda ake gina cikin dabbar ma ya yi ta sauyawa, kuma dole mai gyara ya san kowane salo, tunda ba a yi wa abin da ba a san cikinsa ba magani. Mutanen farko cusawa suke yi da gaske, su ɗinke fata su yi ta tura ciyawa ko auduga ko garin katako har ta cika. Daga baya aka koma naɗe askin katako da zare a kan waya har ya ba da siffar jiki, hanyar da har yau ake bi wajen ƙananan tsuntsaye. Babban sauyi ya zo ta hannun Carl Akeley, Ba'amurken da ya yi aiki a gidan tarihi na Field da ke Shikago, daga baya a gidan tarihin halittu na New York, ya kuma rasu a Kwango a 1926. Shi yakan auna dabbar tun tana kwance da ɗuminta, ya tsayar da ƙwarangwal, ya gina tsoka da jijiya da yumɓu a kansa kamar mai sassaƙa, ya ɗauki zubin wannan siffa da filasta, sannan ya fitar da jiki marar nauyi mai rami a ciki, wanda a kansa ake manna jemammiyar fata. A yau yawanci kumfar roba mai tauri ake amfani da ita.

Matsalar ita ce waɗannan kayan haɗi ba su da hali ɗaya. Fata, ko an jeme ta, idan iska ta yi laima takan sha ta saki jiki, idan ta bushe ta tsuke, alhali filasta ko katakon da ke ƙarƙashinta bai motsa daidai da ita ba. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja, sai fatar ta tsage a inda ta fi rauni: bakin ɗinki, gefen ido, leɓe, gindin kunne, hammata. Don haka ake ƙoƙarin riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100, kuma zamanta wuri ɗaya ba hawa da sauka ya fi ainihin adadin muhimmanci. Idan ta zarce kashi 65 ta daɗe a haka, fumfuna ta sami wurin zama. Wayar ƙarfe da aka zura a ƙafar tsuntsu takan yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ya haife ta cin wuri, sai ta fasa ƙafar daga ciki. Akwai kuma kitse, wanda shi ya fi ban takaici. Idan mai fiɗa bai kankare shi sarai ba, musamman a tsuntsayen ruwa irin su agwagi, yakan tsattsafo sannu a hankali, ya mayar da farin gashi rawaya mai danƙo, ya ja ƙura, ya yi tsami ya ci fatar har ta riƙa marmashewa kamar ƙonanniyar takarda. Abin da ya kai wannan mataki ba ya dawowa, iyakar abin da za a yi shi ne a rage kitsen da ya saura a tallafi wurin.

Ƙwari kuwa ba su je ko'ina ba, sai ma ƙara samun sarari da suka yi tun da aka daina zuba guba. Asu da wasu ƙananan ƙwari masu taurin baya su ne kan gaba, kuma tsutsotsinsu ne ke cin gashi da fata. Ma'aikaci mai ido yakan duba ƙasan dabbar kafin ya duba dabbar, domin ɗan gari mai laushi kamar yashi da ɓawon da tsutsa ta saɓe su ne alamar farko. Tsarin da ake bi yanzu na sa ido ne: a dasa tarkuna masu danƙo a kusurwoyi, a ƙirga abin da suka kama a rubuta, a killace duk sabon kaya kafin ya shiga ma'aji. Idan an ga ɓarna, sai a rufe abin cikin leda a sa shi a firiza mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri na kwana 3, ko digiri 20 ƙasa da sifiri na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a bar shi cikin ledarsa yini guda ya dawo daidai da ɗumin ɗaki don kada raɓa ta sauka a kansa. Wanda ba zai jure sanyi ba kuma a rufe shi cikin jaka a kore iskar oksijin da naitirojin na kimanin mako 3.

A ɗauka an kawo wani shaho na ƙarshen ƙarni na 19 kan teburin gyara, yana tsaye a kan reshe, fiffike ɗaya ya saki, kansa ya yi furu-furu da ƙura. Mai gyaran takan sa safar hannu da takunkumi da rigar aiki, ta ɗauki hotonsa ta kowace fuska, ta rubuta duk tsaga da duk gashin da ya karye, ta nemo lambarsa a tsohuwar rajista. Sannan ta ɗora masa wata na'urar hannu mai kama da ƙaramar bindiga, wadda ke harba hasken eksire ta karanta sinadaran da ke wurin cikin daƙiƙoƙi, ta gwada ƙafa da gindin wutsiya da gefen ido da bakin ɗinki, domin arsenik ba ya bazuwa daidai, ana iya rasa shi a ƙirji a same shi a ƙafa. Wani lokaci ido ma yana ganinsa, farin gari a gindin gashi. Hoton eksire kuma zai nuna mata inda wayoyi suka bi, ko akwai ƙoƙon kai a ciki, da wurin da ƙarfe ya karye. Sai bayan wannan duka take ɗaukar burushi mai laushi irin na masu zane, tana bin gashin ta inda ya kwanta, tana kaɗa ƙurar zuwa bakin na'urar zuƙa da aka rage wa ƙarfi aka kuma ɗaure mata yadi mai raga a baki, saboda idan gashi ya tsinke ya maƙale a ragar maimakon ya wuce. Gashin da ya faɗi ba a zubar da shi, ambulan ake sa shi a rubuta lambar tsuntsun a kai.

Wajen haɗe tsaga, ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce kada a yi abin da na baya ba zai iya warwarewa ba. Shi ya sa aka fi son siririyar takardar Japan, mai dogayen zaruruwa da ƙarfin da ido ba ya zato, a zura ta ƙarƙashin tsagar a manne da gam irin Paraloid B-72, wanda ba ya komawa rawaya da tsufa kuma ana iya narkar da shi a cire. Inda fata ta ɓace gaba ɗaya, a cike gurbin da takarda ko ulu, a rina, a dasa gashi kaɗan-kaɗan. A nan akwai tarko, domin idan aka ɗauko gashin wata dabba aka dasa ba a rubuta ba, wata rana mai binciken DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, zai tsinki wannan gashin ya fitar da sakamakon da zai ruɗa kowa. Don haka wasu suka fi son gashin roba, kuma kowane gyara sai an shigar da shi cikin fayil tare da hoto.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta ƙurar kanta. Ya kamata a sani cewa yawancin abin da gidajen tarihi suka mallaka ba a tsaye yake a zauren kallo ba, fatu ne da aka cika da auduga aka kwantar rigingine a aljihun kabad da kati a ƙafa. Reshen gidan tarihin halittu na Landan da ke garin Tring kaɗai yana da na tsuntsaye kimanin 750,000. A 2017 wasu ɗaliban Jami'ar Shikago biyu, Shane DuBay da Carl Fuldner, suka wallafa binciken da suka yi a kan irin waɗannan fatu sama da 1,300, na tsuntsayen da aka tara tsakanin 1880 da 2015 daga yankin masana'antu na Amurka. Tsuntsaye ne masu farin ƙirji, amma na farkon ƙarni na 20 ƙirjinsu toka-toka ne. Da aka duba da madubin ƙara girma mai ƙarfi sai aka ga kunkunniyar hayaƙin kwal ce ta maƙale a gashin tun suna da rai. Da yake waɗannan tsuntsaye suna sauya gashi duk shekara, baƙin da ke ƙirjin kowane ɗaya ma'auni ne na iskar shekarar da aka kama shi. Suka auna yawan hasken da kowane ƙirji ke mayarwa, suka jera bisa shekaru, sai ga tarihin hayaƙin yankin ya fito fili: ya yi ƙamari a farkon ƙarnin, ya ragu lokacin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930 da masana'antu suka tsaya, ya sake tashi a yaƙin duniya na biyu, sannan ya sauka bayan gidaje sun bar ƙona kwal.

Da wani ma'aikaci mai son tsabta ya bi aljihunan nan ya wanke tsuntsayen tas a 1960, da an yaba masa, da kuma ya shafe bayanan shekara 80 ba tare da kowa ya sani ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ba cewa ake yi a bar kowace ƙura ba, domin ƙura tana jan laima tana kuma ciyar da ƙwari. Amma akwai bambanci tsakanin wadda ta sauka a zauren kallo da wadda dabbar ta zo da ita daga waje, kuma a ganina wanda bai iya bambance su ba tukuna gara ya ajiye burushi.

Haske ya fi ƙwari wayo, don shi ba ya barin kashi a ƙasa. Yana koɗar da launi a hankali, ɓarnarsa tana taruwa kamar bashi kuma ba ta komawa baya, shi ya sa ake riƙe shi a kimanin luks 50 a ma'aunin haske, hasken da mai shigowa daga rana zai ce ɗakin da duhu. Lokacin da gidan tarihin New York ya sabunta zaurensa na dabbobin Arewacin Amurka, wanda aka fara buɗewa a 1942 aka sake buɗewa a 2012, an tarar fitilun akwatunan sun mayar da ɓaunayen Amurka daga ruwan ƙasa mai duhu zuwa fari-fari. Fenti zai manne gashi ya ƙi fita, rinin ruwa kuma zai jiƙa tsohuwar fata ya tsuke ta. Abin da aka zaɓa shi ne rinin da ake narkarwa cikin itanol a fesa a hankali, ya bushe nan take, kuma ana iya cire shi da irin wannan sinadari. Na ga hujjar wannan aiki, domin dabbar da aka tsayar don koyar da jama'a, idan launinta ya zama ƙarya, yaro zai gani ya tafi da imanin haka ɓauna take. Sai dai ba za a yi wa samfurin da a kansa aka raɗa wa wani jinsi suna irin wannan ba, komai koɗewarsa.

Akwai kuma inda kuskuren ne ya zama abin adanawa. A gidan tarihi na Horniman da ke Landan akwai wata dabbar teku mai haure, walros, da aka kawo daga Kanada aka nuna a 1886. A raye fatar wannan dabba a yamutse take, naɗi bisa naɗi, amma waɗanda suka cusa ta sai suka yi ta turawa har duk yamutsar ta miƙe, ta fito sumul kamar an hura ta. Babu mai hankalin da zai kwance ta ya gyara a yau, domin ta zama shaidar iya abin da masu sana'ar suka sani a lokacin.

Sakacin mutanen da ma ya sha yi wa kimiyya rana. Kwaga wani nau'in jakin dawa ne na Afirka ta Kudu mai zane a gaban jiki kawai, wanda na ƙarshensa ya mutu a gidan namun daji na Amsterdam ranar 12 ga Agusta 1883, fatu 23 kacal suka rage a duniya. Reinhold Rau, mai wannan sana'a a gidan tarihi na Cape Town, yana sake ɗora fatar wani ɗan kwaga a 1969 ya lura cewa wanda ya feɗe ta bai kankare naman sarai ba, daga baya kuma ya samo irin wannan ɓarɓashi daga fatar da ke Mainz a Jamus. Daga busasshiyar tsokar Mainz ne Russell Higuchi da Allan Wilson da abokan aikinsu a Berkeley suka karanta harufa 229 na DNA a 1984, karo na farko da aka karanta gadon dabbar da ta ƙare a duniya, kuma fannin binciken tsohon DNA daga nan ya faro. Ragowar dodon Oxford ma ta yi magana sau biyu: a 2002 DNA ɗinta ya nuna danginsa mafi kusa a raye wata tattabara ce ta tsibiran Nicobar, a 2018 kuma hoton na'urar CT ya nuna ƙwayoyin dalma a ƙeyarsa da wuyansa, wato harbe shi aka yi.

Zakunan Tsavo biyu da ke Shikago sun nuna yadda abu ɗaya ke amsa sababbin tambayoyi duk lokacin da kayan aiki suka ci gaba. Su ne suka addabi ma'aikatan shimfiɗa layin dogo a yankin Tsavo na Kenya a 1898, har John Henry Patterson ya harbe su, ya ce sun hallaka mutum 135. Ya mayar da fatun shimfiɗar ɗaki na kusan shekara 25 kafin ya sayar wa gidan tarihi na Field a kan dala 5,000, kuma saboda an datse gefunansu, zakunan da aka tsayar ba su kai girmansu na raye ba. A 2009 aka auna nau'o'in kabon da naitirojin da ke cikin gashinsu da ƙashinsu, waɗanda ke bin sawun abin da dabba ta ci, lissafi ya nuna mutanen da suka ci kimanin 35 ne. A 2024 kuma aka koma kan gutsattsarin gashi da suka dunƙule cikin ramukan karyayyun haƙoransu, aka karanta DNA ɗinsu, aka samu na raƙumin dawa da jakin dawa da gwambaza da mariri da na ɗan Adam. Sa'ar da aka yi ita ce duk tsawon shekarun nan babu wanda ya ga dacewar ya sakace wa zakunan haƙora ya zubar.

Gubar da ta tsare fatun kuwa takan dagula wa mai bincike lissafi. Phar Lap dokin sukuwa ne na Ostireliya da ya mutu bagatatan a Kalifoniya a 1932, fatarsa tana tsaye a Melbourne, kuma an daɗe ana zargin guba aka ba shi. To amma yaya za a nemi arsenik a fatar da masu jima suka riga suka sa wa arsenik? An tsinki gashi 6 daga gezarsa aka haska su da wata babbar na'urar eksire kusa da Shikago, aka bambance wanda aka shafa daga waje da wanda ya shiga gashin ta hanyar jini, sakamakon ya nuna dokin ya haɗiyi arsenik mai yawa awa 30 zuwa 40 kafin mutuwarsa. Gashin bai faɗi wanda ya ba shi ba, kuma a wancan zamani ana sa arsenik cikin magungunan ƙara wa dawaki kuzari, don haka gardamar ganganci ko kuskure tana nan.

Kowane irin wannan bincike yana cin wani abu daga jikin samfurin. Wajen tsuntsaye an saba yankar ɗan nama daga tafin yatsa, wajen dabbobi masu shayarwa kuma a nemi busasshen nama a ƙoƙon kai ko gindin farce, tunda jima takan lalata DNA na fatar kanta. Yatsun tsuntsu ƙidayayyu ne, masu nema kuwa ba sa ƙarewa, saboda haka gidajen tarihi sukan tantance kowace bukata kafin su sa wuƙa. Jinkiri a nan sau da yawa riba ne, domin yanzu ana samun ninkin-ba-ninkin abin da aka samu a shekarun 1980 daga yankin da bai kai kan ashana ba.

Tsoron guba shi ma yana iya jawo asara. A watan Agusta na 2023 aka rufe gidan tarihi na Delbridge da ke Sioux Falls a jihar Dakota ta Kudu, mai dabbobi kimanin 150, bayan gwaji ya nuna arsenik a jikin kusan kashi 80 cikin 100 nasu. Duk tarin da ya kai waɗannan shekaru kusan haka zai nuna. Arsenik guba ne na gaske, yana jawo ciwon daji ga wanda ya daɗe yana shaƙa ko haɗiya, amma hatsarin yana kan mai taɓawa da mai kaɗe ƙura, maganinsa kuma gilashi ne da safar hannu da alamar gargaɗi da wanke hannu. Bayan doguwar muhawara aka amince a miƙa mafi yawan dabbobin ga Jami'ar Notre Dame.

Abin da masu bincike suka fi tsoron rasawa shi ne ɗan katin da ke ɗaure a ƙafa, mai ɗauke da wuri da kwanan wata da sunan wanda ya kama. A 2009 wani ɗalibin kiɗa Ba'amurke ya fasa tagar ma'ajin Tring ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasunsu masanin halittu Alfred Russel Wallace ne ya tara su a ƙarni na 19, don ya sayar da gashin ga masu ƙawata ƙugiyar kamun kifi. An ƙwato wani kaso, amma da yawa an tsinke musu kati, kuma a wurin masana waɗannan sun koma kyakkyawan gashi kawai.

Kati kuma yana iya yin ƙarya. Richard Meinertzhagen, hafsan sojan Birtaniya, ya ba gidan tarihin halittu na Landan fatun tsuntsaye kimanin 20,000, ya mutu a 1967 da sunan babban masani. A 1993 Alan Knox ya nuna cewa wasu daga ciki sato su ya yi daga tarin wasu ya sauya musu kati. Masanan tsuntsaye Pamela Rasmussen da Robert Prys-Jones suka bi diddigi, kuma abin da ya taimake su shi ne kowane mai fiɗa da irin hannunsa: yadda yake yanke bayan ƙoƙon kai, ƙasusuwan da yake bari a fiffike, audugar da yake naɗawa, salon ɗinkinsa, waɗanda eksire ke nunawa kamar sa hannu a takarda. Akwai wata 'yar mujiyar daji ta Indiya da aka sani daga fatu 7 kawai. Katin Meinertzhagen ya ce ya harbi tasa a Gujarat a 1914, don haka can aka yi ta nemanta ba a gani ba, har aka fara ɗauka ta ƙare. Da Rasmussen ta bincika fatar sai ta ga an sake yi mata aiki don ɓad da sawu, amma a cikin fiffike an mance ɗan guntun tsohuwar auduga irin wadda James Davidson ya naɗa wa tsuntsayen da ya tara a farkon shekarun 1880, kuma rajistar gidan tarihin ta nuna ɗaya daga cikin mujiyoyin Davidson ta ɓace. Sai aka bar Gujarat aka nufi wuraren da aka tabbata an taɓa kama tsuntsun, kuma a watan Nuwamba na 1997, a dajin da ke gindin tsaunukan Satpura a jihar Maharashtra, Rasmussen da abokan tafiyarta biyu suka ga mujiyar zaune a kan wata bishiya, shekara 113 bayan ganin ƙarshe da aka tabbatar.